Na sauya bayan hoto, amma mutumin ya fito kamar an manna shi

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyaran hoto. Don Allah a haska mini hanya.

Hoton wani mutum ne a tsaye, tun daga kai har takalmi, an ɗauke shi da waya a cikin inuwa, jikin farin bango. Tsayin hoton fiksel 4000, faɗinsa 3000. An ce a cire bangon a sa shi a kan wata hanya mai bishiyoyi gefe da gefe, da duwatsu can nesa, rana ta yi yamma. A Photoshop na yanko shi da Select Subject, na ɗora a kan hoton hanyar, sannan na ba bayan dishi-dishi da Gaussian Blur na 25 don ya yi zurfi irin na babbar kyamara.

Yankan ya fita tsaf, amma duk wanda ya kalla sai ya ce haɗi ne. Mutumin kamar yana reto a iska, ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba. Akwai kuma wani farin layi siriri a gefen kafaɗa da gashinsa. Na ƙara dishi-dishin, abin ya ƙara lalacewa. Me na bari a baya?

Bala_Mai_Lens:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kashe dishi-dishin nan tukuna, shi ne aiki na kusan ƙarshe, kai kuma ka fara da shi. Kafin a zo maganar haske ko launi, sai hotunan biyu sun yarda a kan inda kyamara ta tsaya.

Nemo layin da sama ta haɗu da ƙasa a hoton hanyar. Ba saman duwatsu nake nufi ba. Ɗauki sabuwar leya (layer, wato shimfiɗar da ake ɗorawa a kan hoto), ka ja layi a gefen hanya na dama, ka ja wani a na hagu, ka miƙe su har su gamu. Inda suka gamu, ka ja layi a kwance. Wannan layin shi ne tsayin da kyamara take lokacin da aka ɗauki hoton, kuma muddin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, yana ratsa kowane abu a daidai wannan tsayin, kusa yake ko nesa. Idan mai ɗaukar hoton yana tsaye, kyamara a idonsa, wajen mita 1.6 ke nan daga ƙasa. To mutum mai tsayin mita 1.7, ko'ina ka ajiye shi a kan hanyar, dole layin ya bi ta wajen idonsa ko hancinsa. Wannan kaɗai ya ba ka girmansa: ka sa ƙafarsa inda kake so, ka rage ko ka ƙara shi har layin ya faɗa a wurin da ya dace. In layin ya bi ta tumbinsa alhali daga tsaye aka ɗauki hanyar, ka mayar da shi ƙato mai mita uku, ido kuwa yana gane haka ko da mai kallon bai san dalili ba.

Shi ma hoton mutumin yana da nasa layin. Masu ɗauka da waya galibi a ƙirji suke riƙe ta, wato mita 1.2 zuwa 1.3. Duba takalminsa: in kana ganin samansa sosai, daga sama aka ɗauka. In kana hango ƙarƙashin haɓarsa, daga ƙasa ne. Bambancin taƙi ɗaya tsakanin tsayin kyamarorin biyu zai wuce ba a lura ba. Amma in an ɗauki mutumin daga tsaye, hanyar kuma daga tsugune, babu abin da Distort zai yi maka. Canza hoton bayan kawai, ya fi sauƙi.

Sai lens. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da lens mai milimita 24 zuwa 26, mai faɗin gani. Don mutum ya cika hoton sai an matso kusa da shi, mita biyu ko ƙasa da haka, shi ya sa ƙafa ko hannun da ya fi kusa kan yi girma. Irin wannan mutumin ba zai zauna a bayan da aka ɗauka da milimita 135 ba, inda duwatsu ke matsowa kamar a ƙeyarsa suke. Gane shi ba wuya: in gefen hanyar suna tsukewa da sauri, bishiyoyin nesa sun ƙanƙance, lens mai faɗi ne, ya dace da hotonka. In bishiya ta biyar kusan girmanta ɗaya da ta farko, dogon lens ne.

Zainab_Zane:

Malam Bala ya gama da maganar tsayuwa. Bari in taɓa dishi-dishin, tunda nan ne ƙafar ta bar ƙasa.

Ka ba bayan gaba ɗaya lamba ɗaya, 25, har da ƙasar da mutumin ke takawa. Babu kyamarar da ke yin haka. Ƙasar da ke ƙarƙashin takalminsa nisanta ɗaya da shi, don haka in shi ya fito tar, ita ma dole ta fito tar. Ƙafa mai kaifi a kan ƙasa mai dishi-dishi, ai reto ke nan.

Yadda lens ke yi shi ne, dishi-dishin yana hawa da sauri a bayan mutum, sannan ya lafa. Idan mutumin yana mita 3 daga kyamara, abin da ke mita 6 ya riga ya sami rabin duk dishi-dishin da za a samu. Na mita 12 ya sami kashi 75 cikin ɗari, na mita 30 kashi 90. Daga nan har duwatsu kusan duk ɗaya ne. Abin daɗin shi ne, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan lissafin yana faɗawa daidai a kan miƙaƙƙen Gradient: wurin da ke tsakiyar tazarar da ke tsakanin takalmi da layin da Malam Bala ya ce ka ja, shi ne ninki biyu na nisan mutumin, shi ne kuma mai rabin dishi-dishi. Ba sai ka yi wani lissafi ba.

Ga yadda za ka yi taswirar zurfin, wato hoton baƙi zuwa fari da ke nuna wa manhaja nisan kowane wuri. Shiga Channels ka buɗe sabon Alpha. Ja Gradient daga baƙi a daidai tafin ƙafarsa zuwa fari a daidai layin mahaɗar sama da ƙasa. Duk abin da ke sama da layin fari ne. Ƙasar da ke gaban ƙafarsa, zuwa gindin hoton, ita ma ta riƙa yin toka-toka da irin saurin da ta bayan ta yi, domin abin da ya fi mutumin kusa da kyamara shi ma yana fita daga saiti, wato ba ya fitowa tar.

Inda aikin yake shi ne abubuwan da ke tsaye. Bishiya ba ta kwanta a ƙasa ba, don haka gindinta da ƙololuwarta nisansu ɗaya. Zaɓo kowace bishiya ta kusa, ka ɗauki launin tokar da ke daidai inda gindinta ya taɓa ƙasa a taswirar, ka cika ta duka da shi. In ka bar Gradient ya ratsa ta, gindi zai fito tar, rassa su narke, sai wurin ya koma kamar ƙaramin abin wasa da aka ɗauka a kan tebur. Bishiyoyi uku ko huɗu na farko sun isa. Na can baya duk sun kusa fari, ba mai lura.

Daga nan Filter, Blur, Lens Blur, ka zaɓi Alpha ɗin a matsayin taswira, Blur Focal Distance a 0 don baƙi ya zama wurin saiti. Ka sani ba ya aiki a kan Smart Object, sai ka yi a kan kwafin leyar. Abin da ya sa ba Gaussian ba: shi yana dame komai ne, hasken da ke leƙowa ta cikin ganye ya dusashe ya zama toka. Lens kuwa kowane ɗigon haske yana mayar da shi da'ira mai gefe, kuma ba ya rage masa ƙarfi sosai. A cikin Lens Blur akwai Specular Highlights. Sa Threshold wajen 245, Brightness kaɗan, 5 zuwa 15. Mai amfani da GIMP yana da Lens Blur da Focus Blur tun fitowar 2.10.20 a 2020, su ma suna yin wannan aikin.

Nawa za a sa? In ka lissafa a hoto mai tsayin fiksel 4000, lens mai milimita 85 a buɗewar f/1.8, mutum a mita 5, da'irar can nesa takan kai faɗin fiksel 90. Milimita 50 a f/2.8, mutum a mita 3, wajen 34. Waya da kanta, ba tare da dabarar manhaja ba, 'yan fiksel ƙalilan ne. Tunda siffar mutumin naka ta waya ce, in ka ba shi bayan milimita 85 ƙarya za ta bayyana. Ni dai ba zan wuce Radius 12 zuwa 18 ba.

Sabon_Hannu:

Na gode Malam Bala, na gode Malama Zainab. Na ja layin, ashe ta cinyarsa ya bi. Da na rage mutumin na matsar da shi baya kaɗan, ya zauna. Saura farin layin gefe, kuma har yanzu kamar ba rana ɗaya ke haska su ba.

Zainab_Zane:

Farin layin ragowar bangon ne. Fiksel ɗin da ke bakin gaɓa rabinsu mutum rabinsu bango, yankan ya kwaso su. Danna maskin, wato abin da ya ɓoye bangon ya bar mutumin, sai Filter, Other, Minimum, ka zaɓi Roundness, 0.5 zuwa 1 fiksel, zai tsuke yankan ciki. Kada ka yi wa gashi haka, zai cinye silin. Shi gashi, buɗe sabuwar leya a sama, ka ɗaure ta da ta mutumin da Ctrl+Alt+G, ka sa ta a Multiply ko Darken, ka ɗauki launin gashin daga ciki ka shafa a bakin da buroshi mai laushi. Decontaminate Colors na cikin Select and Mask yana yin makamancin haka, sai dai yakan dame gefen in aka kai shi 100.

Gefen ma kada ya yi kaifin reza. Zuƙo hoton ka ga fiksel nawa gaɓar rigarsa ta ɗauka a ainihin hoton, yawanci ɗaya zuwa biyu, ka ba maskin Feather daidai haka.

Wani zoben da ke kama da wannan, don masu son dusashe bayan hoto na asali ba canzawa ba: in ka yi dishi-dishi mutumin yana cikin leyar, launin rigarsa zai malalo ya kewaye shi. Sai an fara share shi daga kwafin bayan, a faɗaɗa zaɓin da fiksel 15 zuwa 20 a cike da Content-Aware Fill. Ba sai cikon ya yi kyau ba tunda mutumin zai rufe shi.

Injiniya_Tukur:

Ɗan'uwa, maganar rana da ka kawo ita ce babba, kuma gaskiya ɗaya ce: mutumin da aka ɗauka a inuwa ba ya komawa na cikin rana da buroshi. Hasken rana yana yanka inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hanci da haɓa da kowane ninkin riga. Zana waɗannan ɗaya bayan ɗaya aikin mai zane ne, kuma da wuya ya fita. Mafita mai arha tana cikin hotonka: hanyar tana da bishiyoyi, to tsayar da shi a cikin inuwar ɗaya daga ciki. Mutum a inuwa, rana a bayansa, abu ne da ido ya saba gani. In babu inuwa a inda kake so, faɗaɗa wadda ke kusa da Curves mai maski.

Ko a inuwa haske yana da ɓangaren da ya fi. Duba wane kunci ne ya fi haske. In na dama ne, rana kuma tana hagu a hoton hanyar, juya hoton hanyar da Flip Horizontal, amma ka tabbata babu rubutu ko lambar mota a ciki.

Inuwar ƙafa iri biyu ce, kuma ƙaramar ta fi muhimmanci. Ta farko ita ce baƙin layin nan da ke daidai inda tafin takalmi ya danne ƙasa, inda haske ba ya shiga ta ko'ina. Sabuwar leya a ƙarƙashin mutumin, Multiply, buroshi mai ɗan tauri, kauri fiksel 3 zuwa 6 a hoto irin naka, ka bi ƙasan takalmin kawai inda ya taɓa. In dunduniya ta ɗaga, kada ka bi ta. Sai wata leyar, buroshi mai laushi gaba ɗaya, Flow 5 zuwa 8, ka matse siffarsa ya zama kamar ƙwai a kwance, Roundness wajen 25, ka tara duhu a hankali kewaye da ƙafafun da tsakaninsu. In yana cikin inuwar bishiya, waɗannan biyun sun wadatar.

In kuwa rana ta taɓa shi, sai doguwar inuwa. Tsawonta ya danganta da tsayin rana: a digiri 45 daidai take da tsayin mutum, a 30 ta ninka shi sau 1.7, a 20 kusan sau 2.7. Ba sai ka auna rana ba, bishiyar da ke kusa ta riga ta nuna maka alkibla da tsawo. Kwafi siffarsa, ka cike da launi, ka kwantar da Distort, kowace ƙafa ta fito daga takalminta, wanda sau da yawa sai an gyara da Puppet Warp. Kusa da ƙafa tana da kaifi, tana nisa tana laushi, saboda rana ba ɗigo ba ce, faɗinta a sama wajen rabin digiri ne. Laushin gefen kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na tazarar da ke tsakanin abu da inda inuwarsa ta sauka, wato inuwar kan da ta faɗi mita 4 daga gare shi laushinta bai wuce santimita 4 ba. Mutane suna cika shi fiye da kima.

Kada ka yi inuwa da baƙi tsantsa. Ɗauki launin daga inuwar bishiyar da ke hoton. Za ka ga tana da shuɗi-shuɗi, domin sararin sama ne ke haska ta.

Bala_Mai_Lens:

Injiniya ya faɗi daidai. Zan ƙara da abin da ke ɗaure su a iska ɗaya, wato duhu da launi.

Ɗora leyar Black & White a can sama don launi ya daina ruɗin ido. Ɗauki Eyedropper, Sample Size 5 by 5, ka auna wuri mafi duhu a hoton hanyar a nisan da mutumin yake, misali gindin bishiyar da ke gefensa. A ce ka sami 24, a ma'aunin da 0 ke nufin baƙi, 255 fari. Auna mafi duhu a jikinsa, wataƙila 4, don waya tana son danne baƙi. To baƙinsa ya fi na duniyar da yake ciki, shi ya sa yake tsalle ya fito gaba. Curves ɗaure da leyarsa, ka ɗaga ƙasan layin har 4 ta koma wajen 24. Haka za ka yi wa fari: farar riga a inuwa ba za ta fi ƙasar da rana ta buga haske ba. Sai ka kashe Black & White, ka maimaita a ja da kore da shuɗi daban-daban. A ma'aunin launin haske, inuwa a fili takan kai Kelvin 7000 zuwa sama, ranar yamma kuma tana sauka ƙasa da 4000, don haka ɗan ja da rawaya a wuraren haske, a bar duhun da sanyinsa.

Ƙasa ma tana mayar da haske. Ɗauki launin hanyar, leyar Soft Light ɗaure da shi, ka shafa daga takalmi zuwa gwiwa, ƙarfi 15 zuwa 25.

Don ƙarin zurfi kuma, a sa hazo: leya mai launin sama na kusa da duwatsu, a yi mata maski da taswirar Malama Zainab, ƙarfi 15 ko 20.

Zainab_Zane:

Malam Bala, a nan ban bi ka ba. Taswirar dishi-dishi ba ta hazo ba ce. Dishi-dishi ya kai rabi tun a mita 6, hazo kuwa iska ce ke tara shi, sai an yi ɗaruruwan mitoci kafin a gan shi a rana mai tsabta. In ya sa taswirar yadda take, bishiya ta biyu za ta yi fari kamar ana ƙona ciyawa a wurin. In dole ne, ya kwafi taswirar ya matse ta da Levels, ya ja baƙin zuwa wajen 200, don abin da ke dab da mahaɗar sama da ƙasa kaɗai ya samu.

Kuma hoton hanyar hoto ne na gaske, ya zo da hazonsa. Ana ƙara hazo ne in an harhaɗa bayan daga hotuna daban-daban, a ce duwatsun daga wani wuri aka ɗauko su. A nan ne ake bin ƙa'idar da masu zane suka sani tun zamanin Leonardo da Vinci: duk abin da ya yi nisa, duhunsa yana tashi, launinsa ya daina cizawa, ya karkata zuwa launin sama. Duhun ne ke canzawa sosai, hasken kaɗan, shi ya sa Screen ko Lighten suka fi Normal.

Bala_Mai_Lens:

Haka ne Malama, na yarda, a matse ta.

Abu ɗaya ya rage masa. Lens Blur ya share ɗige-ɗigen sensar kyamara (Noise) daga bayan, ya yi sumul, mutumin kuma yana nan da nasa har da kaifin da waya ta ƙara masa. Zuƙo zuwa kashi 200 ka kwatanta. A cikin Lens Blur ɗin akwai Noise, ka mayar wa bayan da 1 zuwa 2, Gaussian, Monochromatic. Bayan an gama komai, sabuwar leya a can sama, cike da launin toka kashi 50, a Overlay, Add Noise 2 zuwa 3, sannan Gaussian Blur 0.4 don kada ɗigon ya yi tsini. Wannan ya hau kan mutum da baya tare.

Ɗige-ɗigen kuma suna maganin layi-layin da ke fitowa a sararin sama bayan dishi-dishi. Hoto mai bit 8 matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, in aka ja su da Curves sai matakan su bayyana. Mayar da aikin bit 16 tun kafin ka fara dusashewa, sai wajen fitarwa ka koma 8 da sRGB. In Facebook ko WhatsApp za a ɗora, rage girman da kanka zuwa fiksel 2048 a dogon gefe, sannan ka sa ɗige-ɗigen bayan ragewar, domin in ka sa su a 4000 aka matse, rabinsu sun ɓace.